Gidan kallon bakin kasuwarmu da Kofin Walker

Shekara 19 na yi ina ɗaukar wa mutane jakar golf a Kano, tun ina saurayi har gwiwata ta fara ciwo, sannan na tattara na dawo gida, wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, na rungumi noman gero da riɗi. Mu ne ake ce wa kadi. Mai wasa yana bugu, kai kana biye da shi da jaka a kafaɗa, kana miƙa masa sandar da ta dace, kana duba masa iska, in ƙwallo ta shige ciyawa kai ne mai nemo ta. Abin da na dawo da shi gida daga wannan aiki sanda ɗaya ce, ƙarfe mai lamba 7, wadda wani maigidana ɗan Sukotlan ya bar mini ranar da zai koma ƙasarsu, sai kuma son wasan da ya ƙi fita daga raina. A rediyo nakan ji ana ce masa ƙwallon lambu. Mu a fili golf kawai muke cewa.

Na ɗauko wannan tarihin ne don in yi magana a kan gidan kallon da ke bakin kasuwarmu, wanda ya nuna mini Kofin Walker, wata gasar golf, ranar Asabar da Lahadi, 2 da 3 ga Satumba, 2023. Da gangan na jinkirta rubutawa. Na so in yi ta komawa tukuna, in ga ko kirkin na rana ɗaya ne.

Wurin rumfar kwano ce doguwa, an kewaye ta da langalanga, benci 14 a ciki. Talabijin biyu ne, babba a tsakiya, ƙarama a kusurwar hagu. Faifan sola 6 a kan rufi, batura 2 a kan wata kanta da ta kai ƙirjin mutum, domin ambaliyar 2022 ta ci masa na farko suna ajiye a ƙasa, bai kuma yarda a maimaita ba. A wancan lokacin shiga naira 100 ne, babban wasa 150, cajin waya 50. Yanzu an ɗan ƙara. A bakin ƙofa akwai allo da yake rubuta wasannin ranar da alli, gefe kuma randa da butoci uku. Mai wurin yaro ne da bai kai talatin ba, na san mahaifinsa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura naira 600, ɗaya gidan kallon da ke garin, mai janareta, ya koma buɗewa sai ranar manyan wasa. Wannan kuwa kullum a buɗe yake, kuma babu ƙarar inji a kunnenka. Ga mai kallon golf wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani tsohon abokin aikina ne ya bugo mini waya daga Kano, ya ce Kofin Walker zai koma filin St Andrews da ke Sukotlan, rabonsa da can tun 1975. Duk wanda ya taɓa ɗaukar jaka ya ji sunan filin nan a bakin iyayen gidansa har ya haddace. Ranar Alhamis da yamma na je na sami yaron yana share ƙurar faifan sola.

Na ce, "Ɗana, wata alfarma na zo nema."

Ya sauko, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, Allah ya sa ina da ita."

Da na yi masa bayani ya ce bai taɓa nuna golf ba tunda ya buɗe wurin, amma in ba shi zuwa gobe. Washegari ya aiko ƙaninsa ya ce ya lalubo ta a intanet, zai jona wayarsa da ƙaramar talabijin, sai dai data ni zan saya. Na ba da naira 4,000 na kwana biyun. Kuɗin shiga ya ce ba zai karɓa a hannuna ba, ni kuma na ce sai ya karɓa, sana'a ce. Na kuma tuna masa cewa ranar Lahadi Arsenal za ta kara da Manchester United da ƙarfe huɗu da rabi, daidai lokacin da golf ɗin zai kai gaɓar da ake jira. Ya ce, "Baba, ƙaramar taka ce har a tashi, in Allah ya yarda." Na riƙe maganar, ban ce komai ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wani sauƙi da aka samu, a watan Satumba agogon Birtaniya daidai yake da namu. Da hantsi, ina dawowa daga duba geron da ya isa yanka, na tarar har ya kunna, ya jawo benci ɗaya gaban talabijin ɗin, ya shimfiɗa masa buhu. Mu uku ne muka fara: ni, da ɗana na biyu, da wani tela da caji ya kawo shi ya zauna bai tashi ba. Daga baya wani malamin firamare mai ritaya ya shigo.

Kofin Walker karo ne tsakanin ɓangare biyu kawai, Amurka a gefe ɗaya, Birtaniya da Ayalan a gefe ɗaya, kowanne da mutum 10. An fara shi a 1922 a jihar New York, aka sa masa sunan George Herbert Walker, wanda ya shugabanci hukumar golf ta Amurka a 1920, kuma shi ne kakan shugaba Bush babba ta wajen uwa. Ba jimillar bugu ake ƙirgawa ba, rami-rami ake ci: wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ya ci wannan ramin, a wuce na gaba. Kowane karo maki ɗaya ne, in an yi kunnen doki a raba rabi da rabi. Maki 26 ne gaba ɗaya, wanda ya kai 13 da rabi ya ɗauke kofi.

Da safe ana yin na karɓa-karɓa, mutum biyu da ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga. Na rasa yadda zan fahimtar da telan sai na ce masa ya dubi lugude: mata biyu, turmi ɗaya, in ɗaya ta saɓa taɓarya dukansu ne suka ɓata daka. Nan take ya gane. Wannan shi ne irin wasan da na fi so, kuma shi ne mafi nauyi a zuciya. In ka jefa ƙwallo cikin ramin yashi ba kai za ka fito da ita ba, ɗan'uwanka ne zai shiga ya sha wahalar kuskurenka, kai kana tsaye kana kallo. Na ga wani yaro ya yi irin wannan ɓarnar, ya sunkuyar da kai, abokinsa ya wuce ta gefensa ya ɗan dafa kafaɗarsa bai ce uffan ba, ya sauka cikin yashin. A shekaruna na ɗaukar jaka na ga manyan mutane sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Can sai telan ya ce, "Baba, su waɗannan nawa ake biyansu in sun ci?"

Na ce, "Ko sisi."

Ya ɗauka wasa nake yi. Na ce masa ai 'yan sha'awa ne, ba su mai da golf sana'a ba tukuna. Yawancinsu ɗaliban jami'a ne. A ɓangaren Birtaniya da Ayalan akwai Connor Graham, ɗan shekara 16, akwai kuma Matthew McClean na Belfast, wanda aikinsa auna idon mutane ne ya rubuta musu tabarau. Telan ya yi shiru, sannan ya ce, "To ashe gayya ce." Na daɗe ina neman kalmar da za ta ɗauki abin nan ban samu ba sai a bakinsa. Gayya ce. Ka bar gonarka ka zo ka yi wa jama'a huɗa, ladanka a ce kana cikin waɗanda aka kira. Ban ce yaran nan ba sa hangen kuɗi a gaba ba. Jack Nicklaus ya bi ta nan a 1959, Tiger Woods a 1995, Rory McIlroy a 2007, duk suka zama abin da suka zama. Amma a ranar, babu abin da ke gabansu sai rigar ƙasa. Nick Dunlap, ɗaya daga cikin yaran Amurka da muka kalla, ya je ya ci wata babbar gasar ƙwararru a Janairun 2024, kyautarta sama da dala miliyan ɗaya da rabi, ya tafi gida ba ko kwabo saboda har lokacin ɗan sha'awa ne. Da na ba telan wannan labarin sai da ya ajiye almakashi.

Malamin nan kuma tambayarsa ita ce ina Najeriya a ciki. Na ce wannan kofin na mutum biyu ne. Wanda ƙasashen duniya suke haɗuwa a kai shi ne Kofin Eisenhower, shi ma na 'yan sha'awa ne, an fara shi a 1958 a wannan filin na St Andrews, Ostireliya ta ci na farko.

Filin kansa shi ya fi tsaya mini a rai. Ina zaton zan ga koriyar darduma irin ta hotunan kalanda, sai na ga ƙasa mai tauri, tudu da kwari, ciyawa ta yi ruwan ƙasa a wurare, ba bishiya, ƙwallo tana sauka tana gudu kamar a kan fako. Na ce wa ɗana ai wannan filinmu ne na lokacin hunturu. A zamaninmu kewayen rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, sai an share an lallaɓe shi kafin mutum ya gangara ƙwallo. Saboda haka mun saba da sauke ƙwallo tun daga nesa a bar ta ta mirgina da kanta, ba a cilla ta sama iska ta yi gaba da ita ba. Abin da na ga yaran Birtaniya da Ayalan suna yi ke nan ranar Asabar, hannuna har motsi yake yi a kan gwiwata. Na ga 'yar gadar dutsen nan ta rami na 18. Na ga rami na 17, wanda ake bugawa ta saman kusurwar otal, ga titi da katanga a bayan rami. Na ga dandamalin da ramuka biyu suke tarayya a kansa, irinsu 7 ne a filin, faɗinsu ya fi wata gonar. Kuma 'yan kallo suna tafe a cikin fili bayan 'yan wasa, ba a killace su can nesa ba, abin da ba za ka gani a gasar masu kuɗi ba.

A nan zan fara faɗin aibin wurin, domin shi ma haƙƙi ne. Ƙaramar talabijin ɗin ta yi wa golf kaɗan. Ƙwallon ƙafa ko daga bencin ƙarshe kana ganinta, ta golf kuwa ba ta kai ƙwan kaza ba, fara ce, in ta tashi sama ta shiga gajimare shi ke nan, sai ka jira ta faɗo. In sabis ya ja baya hoton yakan dushe, fuskoki su narke, a rasa ƙwallon gaba ɗaya. Dole sai ka zauna a bencin farko. Bencin kuma ba shi da majingina, ga shi golf ba minti casa'in ba ne, wuni ake yi. Na koma gida da ciwon baya ranar farko, ranar ta biyu da kujerata na zo. Daga azahar kwanon yana ɗaukar zafi, fanka ɗaya ce, ita ma babbar talabijin take fuskanta. Sannan akwai masu shan taba a bakin ƙofa, hayaƙin yana shigowa. Na yi masa magana, ya ce zai hana, ya hana na 'yan makonni, yanzu abin ya dawo. Wannan har yau ban ji daɗinsa ba.

Abin da na yaba kuwa, ana kiran salla yake kashe sauti ya ce a fita, kowane irin wasa ake yi. Yara 'yan Islamiyya ba ya barinsu su shiga sai an tashi, ko da kuɗinsu a hannu.

Asabar ta yi mana daɗi. Birtaniya da Ayalan suka ci uku cikin huɗu na safe. Da yamma, a karon gaba-da-gaba, John Gough ya lallasa Dunlap, ya ba shi ratar rami 6 saura 5 a gama, alhali Dunlap ɗin bai daɗe da cin gasar 'yan sha'awa ta Amurka ba. Aka kwana 7 da rabi da 4 da rabi. Ni ɓangaren Birtaniya da Ayalan nake, saboda maigidan nan da ya bar mini sanda. Shi ya taɓa gaya mini cewa sai a 1938 suka fara cin kofin, a St Andrews, suka kuma ci a can a 1971. Na kwanta ina cewa ko za a yi ta uku. Zuwa la'asar ɗin ranar mun kai mutum tara a gaban ƙaramar talabijin, wasu sun baro wasan Manchester City sun dawo suna tambayata me ya sa mutumin can ya tsuguna yana leƙen ƙasa.

Lahadi da safe Amurka ta rama, ta ci uku cikin huɗu, rata ta koma maki ɗaya. Aka shiga karo goma na ƙarshe bayan azahar.

Tun ƙarfe huɗu rumfar ta cika, har da na tsaye, har da masu leƙe ta ɓular langalanga. Na baya ba sa hango babbar talabijin. Sai aka fara: a sa mana a ƙaramar mana. Wani saurayi ya zo kaina, da ladabinsa dai, ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, mu fa mun fi talatin a waje." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji nauyi. Na juya zan ce wa mai wurin ya sauya, na yafe. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce, "Ku yi haƙuri, tun Juma'a na ba Baba baki." Aka yi ta gunaguni, wasu suka juya suka tafi gidan mai janareta. Ku lissafa mutum talatin a naira 150, a garin da ake ƙirga naira hamsin. Ya koma ciki ya ɗauko 'yar sifika mai kamar gwangwanin madara, ya jona, ya ɗora mini a kan cinya don in riƙa jin mai sharhi. Na kasa ce masa komai sai Allah ya yi maka albarka.

Duk da haka ban ɓoye ba, golf da ƙwallon ƙafa ba sa zama ɗaki ɗaya. Wasan nan shiru yake so. A fili in mutum zai gangara ƙwallo ko tari ba a yi. Ina kallon wani yaro ya daidaita tsayuwa zai yi bugun da maki ya rataya a kansa, sai Rashford ya jefa ƙwallo a raga, rumfa ta ɗauka, benci ya girgiza. Ba a zauna ba Odegaard ya farke, aka sake tashi. Na rungume sifikar a kunne. Gordon Sargent, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya cikin 'yan sha'awa, yana fafatawa da Gough, ba wanda ya bar wa wani hanya har rami na ƙarshe, Sargent ya tsira da rami ɗaya. Karo huɗu ya yi a kwana biyun, duka ya ci. Allon maki ya fara rinewa da jan Amurka, ɗaya bayan ɗaya.

Sai hadari ya taso daga gabas. Babbar talabijin ta ɗan yi ƙyafta ta dawo, tamu kuwa ta tsaya cik, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Yaron ya cire wayar, ya fita cikin yayyafi, ya hau kan turmin mai ƙosai yana ɗaga ta sama. Kusan minti ashirin. Da hoto ya dawo 'yan Amurka ne ke rungumar juna. Bugun da ya yanke hukunci ban gan shi ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Ba laifin yaron ba ne, amma duk wanda zai kalli abu ta intanet a garinmu da damina ya sa wannan a lissafinsa. Aka tashi Amurka 14 da rabi, Birtaniya da Ayalan 11 da rabi. Karo na 49 ke nan, zuwa lokacin Amurka ta ci 39, su sun ci 9, an yi kunnen doki sau ɗaya a 1965. Na zauna na ga waɗanda aka cinye sun cire hula sun bi layi suna miƙa hannu, ɗan shekara 16 ɗin nan yana cikinsu. Ana haka Rice ya ci ta biyu a ƙarin lokaci, rumfar ta kusa tashi sama, ni kuma ina goge idona.

Da zan fita ya biyo ni da naira 600, ya ce ragowar kuɗin data ne, bai ƙare ba. Ban san ma akwai ragowa ba.

Wanda ƙwallon ƙafa yake so, a duk yankin nan ban ga inda ya fi wannan ba, ga wuta ba yankewa, ga tsari. Wanda yake son wani abu daban, dambe ne, ko tsere, ko golf irina, ya je da kwana biyu ko uku kafin ranar, ya sayi datarsa, ya taho da kujerarsa, ya kuma duba allo kada ya yi karo da babban wasa. Kofin Walker da ya biyo baya a Kalifoniya aka yi shi, a filin Cypress Point, cikin Satumban 2025. Agogonsu yana bayan namu da awa 8, wato karon yammarsu tsakar darenmu ne. Tun kafin lokacin na gaya wa yaron. Ya ɗaga kai ya dubi kantar baturan, ya ce biyun nan ba za su kai asuba ba bayan cajin wayoyi, amma yana tara na uku, in riɗi ya yi kuɗi bana zai sayo a Kano.